Jirgina na ɗaga hanci yana jan hagu in na ba shi wuta, wa ya taɓa fama da haka?

Sabon shiga: Assalamu alaikum. Na haɗa ƙaramin jirgin sama na fom, irin wanda ake tuƙawa da rimot, mai fiffike a sama, injin lantarki mai lamba 2212, farfela 10x4.5 (mai tsawon inci 10), batir 3S (mai sel uku). Injin na ɗaure shi sak, ba karkata ko kaɗan. Amma da na tura totur sai ya ɗaga hanci ya ja hagu, in na sassauta kuma ya dawo daidai. Jiya a filin ƙwallon unguwarmu na karya farfela ta uku, yara suna ta dariya. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam, ƙanena. Wannan "sak" ɗin da kake alfahari da shi, shi ne ciwon. In ka tsaya bayan jirgi, farfelarka tana juyawa ne kamar hannun agogo, shi kuma jikin jirgin sai ya so mirginawa hagu. Iskar da take turowa baya ma ba miƙe take tafiya ba, murɗewa take yi ta zagaye jiki ta bugi jelar tsaye ta ɓangaren hagu, hanci ya karkata hagu. Ɗaga hancin kuwa halin fiffike mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ne, gudu na ƙaruwa yana ƙara ɗagawa. Ni tun zamanin injin mai nake fara kowane irin wannan jirgi da karkata injin digiri 2 zuwa dama, digiri 2 zuwa ƙasa, sannan in gyara a fili.

Kafinta: Baba ya faɗi gaskiya, amma digiri 2 da ido ba ya aunuwa, na gwada na sha kunya. Ga lissafin da nake yi: kowane digiri 2 kusan milimita 0.035 ne a kan kowace milimita ɗaya ta tazara. In tsakanin sukurorinka milimita 40 ne, kana buƙatar kusan 1.4, wato washa uku na M3 (na sukuro mai kaurin milimita 3), tunda kaurin kowacce rabin milimita ne. Washa a sukurorin hagu tana juya inji dama, a na sama tana sunkuyar da shi ƙasa. Hagu ta wanda ke bayan jirgi fa! Ni ranar farko ina gabansa na sa, na ƙara wa ciwon gishiri. Kuma ka ɗan matsar da gindin injin hagu, don kan farfela ya dawo tsakiya.

Mai gyaran waya: Ɗan'uwa, kafin ka taɓa washa duba inda nauyin jirginka ya zauna. Sati biyu na yi ina ƙara washa, har injin ya koma kamar mai ruku'u, jirgi bai daina ɗaga hanci ba. Ashe batir ne na tura gaba da yawa, na rama da tirim na sama (ɗan saitin da ake yi a rimot don jirgi ya tafi daidai), shi ne gudu na ƙaruwa yake cilla shi sama. Na ja batir baya santimita ɗaya, na cire washa huɗu.

Tsohon hannu: Madalla, na manta da wannan. In nauyi ya zauna, ga gwajin: ka hau sama sosai, ka yi tirim ya tafi a miƙe da cikakkiyar wuta, sai ka yanke totur lokaci guda. In ya sunkuya ƙasa, ƙara sunkuyar da inji. In ya ɗaga hanci, ka wuce gona da iri. Gwajin karkatar dama kuma, miƙa shi sama a tsaye ka saki hannu ka ga inda zai gudu. Da sassafe ake yi, iskar hunturu ba za ta bar ka ka gane komai ba.

Mai ɗaukar hoto: Nawa injinsa a baya yake, bisa fiffike, to labarin ya sha bamban. Turawar tana sama da tsakiyar nauyi, in na jefa shi da cikakkiyar wuta hancinsa ƙasa yake nufa. Sai da na karkata injin layin turawa ya nufi tsakiyar nauyi, kuma yanzu da rabin totur nake jefawa.

Sabon shiga: Na gode, Baba, na gode Malam Kafinta. Yau bayan asuba na fita. Washa uku hagu, uku sama. Jan hagun ya tafi gaba ɗaya. Da na yanke totur ya ɗan ɗaga hanci, sai na cire ɗaya ta sama, ya zauna lafiya. Sai dai wajen sauka na taka ramin gola, ƙafar gaba ta lanƙwashe. Wa ke da wayar ƙarfe mai milimita 2?