Wai bayan Jaco babu wanda ya kawo sabon sauti a bes mara firet?

Sarkin Bes: Jama'a barkanmu da dare. Zan faɗi wata magana, nasan wasu zasu ji haushi amma gaskiya ce. Duk wanda ya ɗauki jitar bes mara firet, wato wadda babu ƙarafunan nan a wuyanta, tun daga 1976 har yau Jaco Pastorius, ɗan bes ɗin nan na Amurka, yake kwaikwayo, ko ya sani ko bai sani ba. Kukan nan na "mwaa" da ake mutuwa a kai, da hamonik, da gudun yatsu kusa da birij, inda tsirkiya take ƙarewa a jikin jitar, duk shi ya kawo su, saura 'yan amshin shata ne kawai. Mai ja ya kawo suna.

Ɗalibi: Oga dan Allah kafin a fara faɗa, mu da muke koyo a mana bayani, cire ƙarafunan nan na wuya shi kaɗai ne yake canza sauti haka?

Injiniya: Ƙanena kaga a bes ta kullum in ka danna tsirkiya a kan ƙarfe take tsayawa, ƙarfen ne yake yanke maka muryar daidai ko da yatsanka ya ɗan kauce. In babu ƙarfen kuwa tsirkiya kan katako take kwanciya kai tsaye, yatsanka ne firet ɗin. In an sauke tsirkiyar ƙasa sosai tana ɗan gogar katakon gaban yatsanka tana rawa, shine zakaji sautin ya fara a hankali sannan ya buɗe ya kumbura, wannan shine mwaa ɗin da Sarki yake faɗa.

Baba Orkesta: Sarki kai yaro ne. Bill Wyman na Rolling Stones ya cire ƙarafunan wata bes mai araha tun wajen 1961, lokacin Jaco yana ɗan shekara goma. Kamfanin Ampeg ya fitar da mara firet kasuwa a 1966, Fender suka biyo da Precision mara firet a 1970, Rick Danko na The Band yana kaɗa ta Ampeg tun kafin duniya ta ji sunan mutumin naka. Balle babbar bes ta tsaye ta 'yan jaz da ita dama can bata taɓa sanin wani firet ba.

Sarkin Bes: Baba da girmanka, ai bance shi ya ƙirƙiro ta ba. Sauti nace. Su Wyman da suka cire ƙarfe dum dum mai laushi irin ta babbar bes suka samu, in ba a gaya maka ba bazaka ma gane mara firet bace. Jaco ya ɗauki Fender Jazz ta 1962, ya cire ƙarafunan, ya cike ramukan, ya shafe wuyan da ifoksi irin wanda ake shafawa jirgin ruwa, ya sa tsirkiyar Rotosound mai kaushi, ya buɗe fikof na baya, wato abin da yake ɗaukar sautin tsirkiya, ya jona a amfilifayar Acoustic 360. Daga nan bes ta fara waƙa. Ku saurari faifansa na farko na 1976 da abinda yayi da ƙungiyar Weather Report da kuma Joni Mitchell, sannan ku dawo muyi magana.

Baba Orkesta: To wannan na yarda, a kan sauti ya buɗe ƙofa. Amma buɗe ƙofa daban, cewa duk wanda ya shiga ɗakin shi yake bi daban.

Injiniya: Ni sunan farko da zan kawo shine Pino Palladino, mutumin Cardiff a Wales. Abinda yayi wa Paul Young a 1983 da Music Man StingRay mara firet ba Jaco bane ko kaɗan. StingRay fikof ɗaya gareta babba kuma tana da batir a ciki, muryarta mai kauri ce mai sheƙi, ba irin ta hanci-hanci ɗin nan ta Fender Jazz ba, kuma yana ƙara mata fedar Boss OC-2 da take ninka sautin ƙasa. Sannan shi baya gudu, zai ja murya ɗaya doguwa ya barta tayi numfashi, ya amsa wa mawaƙi ya koma ya yi shiru. Ni a matsayina na mai haɗa sauti wlh na fi son aiki da irin wannan sau dubu, domin Jaco in ya shigo waƙa sai kowa ya matsa masa.

Sarkin Bes: Hahaha Injiniya ka kawo min shaida da kanka. Pino ɗin ina ya ƙare? Da ya je wajen D'Angelo a faifan da ya fito a 2000 ai Precision mai firet ya ɗauka da tsirkiya mai santsi, kuma da ita ya cigaba. Da yana da tasa hanyar a mara firet da bai ajiye ta ba.

Injiniya: Ya ajiye ta ne don kowa a shekarun 1980 ya koma kiransa yazo yayi abu ɗaya, har sautin ya gundiri mutane. In ana kwaikwayonka har a gaji da kai ai alama ce kana da naka.

Anti Kwaya: Ku duka kun tsallake Afirka kun tafi Turai da Amurka, abin kunya. Bakithi Kumalo fa? Ɗan Afirka ta Kudu da ya tashi a Soweto, wanda ya kaɗa bes a faifan Graceland na Paul Simon a 1986 da Washburn ɗinsa mara firet. Ku saurari yadda yake zamiya daga sama ya faɗo ƙasa, wannan muryar mazan kwaya ce ta Zulu masu rera ƙasa-ƙasa, da kiɗan mbaqanga da ya taso a ciki. Tun shekarun 1960 Joseph Makwela na Makgona Tsohle Band yake irin wannan jan tsirkiyar a Johannesburg. Ni da nake tsayawa bayan kwaya duk Lahadi nasan abinda nake ji, bes ɗinsa tana rera sashen maza ne, bata yin solo irin na jaz.

Sarkin Bes: Anti ina gaisuwa, amma Bakithi da bakinsa yana lissafa Jaco cikin waɗanda ya saurara.

Anti Kwaya: Sai me? Nima na saurari mahaifiyata tana waƙa, ba muryarta nake da ita ba. Kuma shi yana marin tsirkiya da babban yatsa a kan mara firet, abinda ba a san Jaco da shi ba.

Ɗalibi: Shine mai gudun nan na cikin waƙar You Can Call Me Al ta Paul Simon? Wata biyu ina fama da shi ya ƙi zama.

Injiniya: Zai ƙi zama mana. Rabin farko kawai ya kaɗa, rabi na biyu Roy Halee ne ya juya tef ɗin baya, wato abinda ka ji da farko ne yake dawowa a juye. Shi yasa bugun yake jin wani iri, kowace murya tana farawa siririya ta ƙare da ƙarfi. Masu kaɗa shi a dandali kusantarsa kawai suke yi.

Ɗalibi: Kai! An cuce ni.

Na Damagaram: Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta duka. Ni abinda yake bani mamaki da ku shine kuna magana kamar rashin firet wani abu ne da aka gano a Florida inda Jaco ya tashi. Goge yana da firet? Kukuma fa? Gurmi, garaya, molo, kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos mai tsirkiya ɗaya, wanne ne a ciki aka kafa wa ƙarfe? Kunnenmu da zamiya ya tashi. Mai goge yana taɓa tsirkiya da yatsa ya ɗan matsa sama ko ƙasa har sai ta faɗi kalmar da mawaƙi ya faɗa da hawa da saukarta, tunda harshenmu in ka canza karin kalma ka canza ma'ana. Ranar da na fara riƙe bes mara firet a wani orkestar biki a nan, abinda hannuna ya nema kenan, ban ma taɓa jin sunan Jaco ba a lokacin. To Sarki ni wa nake kwaikwayo?

Sarkin Bes: Malam wa alaikumus salam. Kai ai ba ka fitar da faifai ba tukunna, in ka fitar sai mu duba.

Na Damagaram: To ga wanda ya fitar, Mick Karn na ƙungiyar Japan, su 'yan Ingila ne sunan ne kawai Japan. An haife shi a Nicosia ta Cyprus, ya rasu a 2011. Ka nemi faifansu Tin Drum na 1981 da ya kaɗa da bes ɗin Wal. Babu jaz a hannunsa ko ɗigo, layinsa murɗe-murɗe yake kamar roba, yana tsayawa a muryoyin da suke tsakanin firet biyu da gangan, irin na kiɗan gabashin Bahar Rum. In ka ji Jaco a wannan to ka je a wanke maka kunne.

Baba Orkesta: Nan kam an kama ka Sarki.

Sarkin Bes: Ba a kama kowa ba. Richard Bona fa? Ɗan Kamaru, haifaffen Minta a 1967, yana kaɗa jita a wani kulob a Douala ya ci karo da faifan Jaco cikin faya-fayan mai wurin, daga ranar ya koma bes, har ya kai ga yin aiki da Joe Zawinul, wanda shine ubangidan Jaco a Weather Report. Babban ɗan bes na Afirka kenan fa, kuma ta ƙofar Jaco ya shigo.

Anti Kwaya: Bona da yawancin lokaci mai tsirkiya biyar mai firet yake riƙewa? Ka fita daga maudu'in da kai ka kawo.

Injiniya: Bari in ƙara wani abu da ya shafe mu nan. Waƙoƙinmu na situdiyo kusan duka a fiyano ake haɗa su, bes ɗin ma daga fiyano take fitowa, muryar mawaƙi kuma an bi ta da otutun, manhajar gyara murya, ta zauna cif. In ka kawo mara firet cikin wannan ka kauce ko kaɗan nan take za a ji tsami, ba inda zaka ɓuya. Amma in hannun ya zauna tana da wata riba, mutanenmu a waya suke jin waƙa, sifikar waya bata fitar da ƙasan bes sam, kukan tsakiya na mara firet shi yake tsira. Wani yaro ya taɓa zuwa min da ita, layi takwas muka kwana muna maimaitawa saboda duk sanda ya hau saman wuya sai ya zarce, can sama tazarar muryoyi ƙanana ce, kuskuren da bazai dame ka a ƙasa ba a can ya zama rabin murya. Da ta zauna kuwa mai waƙar cewa yayi a rage fiyano a ƙaro ta.

Ɗalibi: To ni ina da tsohuwar bes a gida, in sa filaya in cire ƙarafunan kawai? Ance Jaco ma da wuƙar shafa bota yayi.

Baba Orkesta: Haka shi ya faɗa, amma kai kar ka soma. Na taɓa kai wa wani mai gyara tawa, ya fizge su da ƙarfi katakon ya tsattsage gefe-gefe, ya cike da gam ɗin da ba na aikin ba, har yau in na zame a wajen sai naji ƙar ƙar. Ana ɗumama ƙarfen ne tukunna a ɗaga shi a hankali, a cusa siririn katako mai haske a ramin don wuyan kar ya lanƙwashe kuma ka samu layin da zaka riƙa gani, a goge ya zama sumul, sannan a rage tsayin nat, wato matashin tsirkiya na can saman wuya, tunda yanzu babu ƙarfen da tsirkiya zata tsallake. Kuma ka sani da hunturu katako yana bushewa ya motsa, saitin da kayi da damina zai canza, dole ka koyi juya ƙarfen cikin wuya kaɗan kaɗan. Jaco ma ai laimar Florida ce ta fasa masa babbar bes ɗinsa ta tsaye, itace baya wasa da yanayi.

Injiniya: Kuma in wuyan rozwud ne ba a shafa masa komai ba, tsirkiya mai kaushi zata ci shi ta bar masa tabo. Ko ka sa mai santsi ka haƙura da rabin kukan, ko ka shafa ifoksi. Eboni ya fi jurewa.

Sarkin Bes: Mai santsi a mara firet? To meye amfanin, ka sayi akuya ka ɗaure mata baki.

Na Damagaram: Amfaninta shine ba kowa yake son akuyar tayi ta kuka tun daga farkon waƙa har ƙarshe ba. Ni mai santsi nake sawa, in kaɗa kusa da wuya da gefen yatsa, ta bada gum mai zurfi ta zauna ƙarƙashin kalangu ba tare da sun yi faɗa ba, tunda shi ma kalangu hawa da sauka yake, in ku biyu kuna zamiya a wuri ɗaya sai kiɗan ya cakuɗe.

Anti Kwaya: Ɗalibi abu ɗaya zan ƙara maka, yatsa a kan layin ake sa shi daidai, ba tsakanin layi biyu ba yadda ka saba. Karkarwar kuma gaba da baya ake yi a tsawon tsirkiya, in ka riƙa ture ta sama da ƙasa kamar mai jitar solo kai da kanka zaka haƙa rami a katakon. Ka riƙa kaɗa tsirkiya a buɗe kana gwada muryarka da ita.

Sarkin Bes: Duk wannan darasin da kuke bashi, in ya iya ya shiga YouTube neman wanda zai koya, sunan wa zai rubuta? Ku faɗi tsakani da Allah.

Baba Orkesta: Ya danganta da wanda ya riga kai masa. Ɗalibi rubuta Bakithi.

Sarkin Bes: Baba wannan maguɗi ne a fili. Karn ɗin dai zan nema in ji da kunnena gobe, Pino da Bakithi kuwa ina nan kan bakana.

Anti Kwaya: Kafin goben ka turo mana murya kana kaɗa taka, a kashe fitila, kar ka kalli layi. Mu ji ko kai ɗin ka kai amshin.