Shin tsofaffin tatsuniyoyi ne ke raba 'yan'uwa mata?

Anti: Jama'a, ga maganata, wanda bai yarda ba ya fito fili. Sababbin littattafan nan na aljanu da sihiri da ake rubuta wa 'yan mata masu shekara 12 zuwa 14, inda ƙanwa ke kutsawa ƙurmin daji don ceto yayarta, sun fi tsofaffin tatsuniyoyi amfani nesa ba kusa ba. Tsofaffin abu ɗaya suke cusa wa yarinya: 'yar'uwarki ce abokiyar gabarki, ki zauna ki jira ɗan sarki. Ku dubi Sindarela. A wadda Charles Perrault ya buga a Faransa a 1697, yayyenta biyu ba su da aiki sai wulaƙanta ta. A ta 'yan'uwan nan Grimm na Jamus, 1812, ɗaya ta yanke yatsar ƙafa, ɗaya ta yanke diddige, duk don ƙafarsu ta shiga takalmin da ɗan sarki ke neman mai shi ya aura. Namu ma haka, kullum 'yar mowa da 'yar bora.

Malama: Anti, kin ɗauki labari ɗaya kin yanke wa dubu hukunci. Na farko dai waɗancan 'ya'yan matar uba ne, ba ciki ɗaya suka fito da ita ba. Sannan ina kika bar Dare Dubu da Ɗaya? Shaharzad da bakinta ta ce a aura mata sarkin da ke kashe amarya kowace safiya. Kuma ba ita kaɗai ta shiga ɗakin ba. Ƙanwarta Dunyazad ce ke roƙon a ba ta labari a gaban sarki, yadda suka shirya tun a gida. Da ƙanwar ta tsorata ta yi shiru a daren farko, da an gama.

Anti: Wannan ɗaya ke nan.

Malama: Ga na biyu, a cikin littafin Grimm ɗin da kika ambata. Boka ya sace 'yan mata uku 'yan gida ɗaya, bi da bi, ya daddatsa biyun farko. Ta ukun ta buɗe ɗakin da aka hana ta, ta tarar da gawar yayyenta a cikin jini. Ba ta gudu ba. Ta tsaya ta harhaɗa gaɓoɓinsu, kai da hannu da ƙafa, suka tashi. Ta ɓoye su a kwando, ta rufe da zinariya, ta sa bokan da kansa ya ɗauke su a bayansa ya kai su gidan iyayensu. Babu ɗan sarki ko ɗaya a nan.

Kawu: Ni abin da ke damuna da sababbin daban ne. Jarumtar ta yi araha. Yarinya ta tsinci zobe ko takobin tsafi, dodo ya faɗi. In aka zare zoben, me ya rage? Yarinyar da ke karantawa ba ta da zobe.

Auta: Kawu, ka yi haƙuri, ba haka muke karanta su ba. Ina shekara 13 na karanta wani, na manta yadda aka kashe dodon ma. Abin da ya zauna mini shi ne wurin da ƙanwar ta tsaya a bakin kogo, gwiwoyinta na rawa, ta ce wa yayarta ita ce ta tona asirinta tun farko. A daren na tashi yayata daga barci na faɗa mata ni na yaga mata littafin makaranta, wanda na bari aka ɗora wa ƙaninmu. Ta yi kwana biyu ba ta kula ni ba.

Kawu: To ai kin ga, Auta, furucin ne ya kama ki. Littafi nawa ne cikinsu ke da irin wannan wurin?

Hajiya: Nan ne nake tare da Kawu, nake kuma saɓa wa Anti. Ina da 'yan mata biyu, 14 da 12. Suna son juna, amma ranar da aka yabi babbar a makaranta, ƙaramar ta shige ɗaki ta juya fuska bango, ta ƙi magana har dare. Kishi tsakanin ya da ƙanwa gaskiya ne. Littafin da ya nuna su kamar ɗan jumma da ɗan jummai tun daga shafin farko har na ƙarshe, ƙaramar tawa za ta karanta ta ɗauka ita kaɗai ce mai mugun hali. Tsohuwar tatsuniya ko ba komai ta kira hassada da sunanta.

Anti: Ta kira ta, Hajiya, amma me ta yi da mai hassadar? A ƙarshe a makantar da ita ko ta halaka. Yarinya ta koyi cewa wadda ta taɓa jin kishi ba ta da hanyar dawowa. Wanda Auta ta karanta ya bar wa ƙanwar ƙofa.

Malama: A ta Perrault ai an yafe musu, har Sindarela ta zaunar da su a fada ta aurar da su ga manyan fadawa.

Anti: Ita ta yafe, su ba su yi komai ba sai faɗuwa a ƙafarta bayan sun gane ita ce wadda ɗan sarki ke nema. Ni ina son ganin wadda ta yi laifin ta tashi ta gyara da hannunta.

Hajiya: Wannan na yarda da shi. Auta, in littafin yana nan, ki ara mini. Ni zan fara karantawa kafin in miƙa wa ƙaramar.

Auta: Yana hannun yayata, Hajiya. Zan karɓo miki.