Shagon wucin gadi na kyauta: mece ce ribar mai ginin, kuma me zan kiyaye?

Mai ɗinkin jaka:

Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina ɗinka jakunkunan fata a gida ina sayarwa ta Instagram, ban taɓa riƙe shago ba. Kwanan nan wata ƙungiya mai tallafa wa ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu ta ce za ta ba ni shago na mako shida a wani rukunin shaguna, ba tare da na biya ko sisi na haya ba. Na yi murna ƙwarai, amma hankalina bai kwanta ba, domin ban gane abin da mai ginin zai samu ba. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su faɗa mini abin da ya kamata in tambaya kafin in sa hannu.

Tsohon dillalin shaguna:

Wa'alaikumus salam. Malama, shagon da ke garƙame asara ce ga mai shi ta fuskoki da dama. Ƙofa ɗaya a rufe tana kashe armashin layin gaba ɗaya, masu wucewa su ragu, maƙwabta su fara neman a rage musu haya, rufi ya yi yoyo babu wanda ya lura sai ɓarna ta yi nisa. A Ingila ma har da haraji, domin wata uku kawai ake yafe wa shagon da babu kowa a ciki harajin wurin kasuwanci, bayan nan mai ginin ne zai riƙa biya. Saboda haka idan kin kunna fitila kin jera kaya, kina taya shi gadi da talla ne.

An gwada wannan tsari sosai a birnin Newcastle na Ostireliya, inda Marcus Westbury ya kafa shirin Renew Newcastle a 2008, ya shawo kan masu shagunan da aka ƙaurace wa a tsakiyar birnin suka ba masu zane da masu ɗinki da sauran masu fasaha aron wuri. Abin da ya sa suka amince shi ne ba yarjejeniyar haya aka ƙulla ba, izinin zama ne na kwana 30 da ake ta sabuntawa, kuma da zarar an samu mai biyan haya sai a ba mai aro wa'adi ya kwashe kayansa. Nan nake so ki fi zuba ido: kwana nawa za a ba ki idan aka buƙaci wurin kafin mako shidan ya cika? Sannan a rubuta wanda zai biya kuɗin lantarki da inshora, ko an yarda ki buga ƙusa a bango, da ko ƙungiyar tana da kaso a cinikinki.

Mai tukwanen ado:

'Yar'uwa, ki karɓa, amma kada ki maimaita kuskurena. Na kashe kusan duk jarina a fenti da katakon kanta, alhali shagon yana lungu a hawa na biyu, inda mutum ba ya zuwa sai da niyya. Kuma tun da ni kaɗai ce, kowace rana da na wuni a shago rana ce da ban taɓa yumɓu ba, har kayan da aka fi so suka ƙare a mako na biyu.

Duk da haka ban yi da-na-sani ba, saboda abin da na gani da idona hoto ba zai taɓa nuna mini ba. Mace za ta ɗauki kofi, ta zura yatsa a hannunsa, ta ji ya matse ta, ta ajiye shi a hankali ba tare da ta ce komai ba. Sai da na ga haka ya faru sau da yawa na faɗaɗa hannun, kuma shi ne yanzu kan gaba a kayana. Ke ma ki lura da wadda ta ja zif sau biyu ko ta gwada tsawon igiyar a kafaɗa. Ki ajiye littafi, duk wanda ya yarda ya rubuta lambar wayarsa, domin ranar da aka karɓe mabuɗi su ne za su bi ki gida.

Mai zanen kati:

Ina goyon bayan Yaya mai tukwane. Shawarata ita ce ki nemi izini ki haɗa shagon da mutum ɗaya ko biyu waɗanda kayansu ba irin naki ba ne, ku riƙa karɓa-karɓa wajen zama, kowa ya samu kwanakin aiki.

Mai ɗinkin jaka:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira ƙungiyar, sun ce lantarki a kaina yake, wa'adin fita kuma mako guda ne, amma sun amince mu zama mu biyu. Gobe zan je in zauna kusa da ƙofar daga safe zuwa yamma in ƙirga masu wucewa kafin in sayi ko katako ɗaya.