Samosar da ba ta shan mai: kowa ta faɗi yadda take yin tata

Amaryar Fadaman Mada, Bauchi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga kicin. Tun azumin 2025, wanda ya kama a watan Maris, maigidana ke fama da ƙwannafi duk daren da na yi samosa, har a sallar asham sai ya yi ta gyatsa. Likita ya ce ya rage maiƙo. Shi kuwa bawan Allah, in babu samosa a faranti gani yake ba a yi buɗa-baki ba. Laifin daga wurina yake, na sani, don in na ɗora tawa a kan takarda, kafin a kira magariba takardar ta jiƙe har kana hango yatsanka ta bayanta. Fulawa gwangwani 4 nake kwaɓawa, in murza da kwalba, in zuba nama in soya. Ba karatu nake so ba, don Allah wadda ta gwada wata hanya da hannunta ta faɗa min abin da ya faru, har da inda ta lalace.

Mai samosar biki, bayan kasuwar Wunti:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kafin ki je ga sayen wani abu, ina tambayarki: da zafinsa kike zuba naman a cikin fulawar? Kuma guda nawa kike jefawa a kasko lokaci ɗaya? Na san amsar tun ba ki ba ni ba, don ni ma haka na fara.

Sana'ata ce, ranar suna ko kamu nakan naɗe ɗari uku kafin azahar. Abin da hannu ya koya min shi ne, mai mai sanyi shi ke shiga samosa. In man ya yi zafi yadda ya kamata, ruwan da ke jikin fulawar ne ke fitowa da ƙarfi, shi ne kumfar nan da kike gani, kuma muddin yana fitowa man ba ya samun hanyar kutsawa. Amma ki cika kasko da guda goma sha biyar, zafin ya faɗi, kumfar ta lafa, sai samosar ta kwanta tana sha. Ni shida nake sawa, bakwai in ƙanana ne. Gwajin zafi kuwa ɗan gutsuren kwaɓi nake jefawa: ya nitse ya taso nan take yana kumfa, to ya yi. Ya zauna a ƙasa shiru, da saura. Ya yi baƙi kafin ki ƙifta ido, rage wuta, in ba haka ba bayan ya ƙone gefen naɗin yana ɗanye.

Sai tsamewa, wadda mutane ke rainawa. Kada ki kwantar da su a faranti ɗaya kan ɗaya. A tsaye nake jera su cikin kwandon ƙarfe, tsinin yana kallon ƙasa, in sa roba a ƙarƙashi. Ki duba robar bayan minti goma, za ki ga man da da cikin maigidanki zai tafi. Kuma kar ki rufe su da zafinsu. Wata rana ina sauri na zuba a kula na rufe, kafin ɗan acaɓa ya kai Yelwa sun yi laƙwas kamar an jiƙa su. Uwar amarya ba ta ce komai ba, amma ba ta sake kirana ba.

Amaryar Fadaman Mada:
Anti kin kama ni. Daga wuta sai cikin fulawa nake zuba naman, kasko kuma har sai na ga babu masaka tsinke.

Ɗan mahauci, kasuwar Muda Lawal:
Hajiyoyi a yi haƙuri na shigo zancen mata, amma wannan ɓangaren namu ne. Rabin maiƙon da kuke kuka da shi daga cikin naman yake, ba daga kasko ba. In kin ce a ba ki niƙaƙƙe wanda aka riga aka tara, to ragowar yanka ne, da kitse da jijiya duk a ciki, shi ya sa ya fi sauƙin kuɗi. Ki nuna jan nama na cinya da hannunki, a feɗe farin kitsen kina tsaye, sannan a niƙa. Na saniya ya fi na rago dacewa, don kitsen rago in ya huce daskarewa yake a dasashi. Sannan lokacin zafi, Maris da Afrilu, niƙaƙƙen nama ba ya jira. Ki saya da safe ki dafa da safe, kada ya wuni a leda.

Adda ta Jekadafari, Gombe:
Ni gasawa nake yi, shekara ta uku ke nan, tun da aka ce Dada tana da hawan jini kuma tare muke cin abinci. Bari in fara da ranar farko, don kada wata ta maimaita. Na ce ai tunda mai ake gudu, ba zan sa ko ɗigo ba. Na jera su a tire na tura obin. Suka fito farare fat, ga tauri, ƙaramin ɗana ya gatsa ya ce “Umma wannan kwali ne?” Har kaji sai da na jiƙa musu.

Yanzu ga yadda nake yi. Cokali 2 na man gyaɗa nake zubawa a ɗan kofi, in shafa wa samosa wajen 25 da buroshi, gaba da baya, musamman kusurwoyin don su ke fara bushewa. Obin ɗin ya riga ya yi zafi kafin su shiga, digiri 200, minti 20 zuwa 25, in juya su a tsakiyar lokacin. Nawa na gas ne, wutarsa daga ƙasa take, don haka a hawa na tsakiya nake sa tiren, in ba haka ba gindin ya ƙone sama ba ta yi ja ba. Gaskiyar magana, launinta ba ya kai na soyayya, ba ta yin ƙurajen nan masu daɗin gani a jiki. Amma tana yin ƙaras in fatar, wato fulawar naɗin, siririya ce, kuma ka ci huɗu ka tashi ka yi isha'i jikinka sakayau.

Haɗin ciki shi ne sirrin gasasshiya, tunda babu mai da zai rufe maka asiri. Nama rabin kilo nake zubawa a tukunya babu mai babu ruwa, da tafarnuwa da ɗanyar citta da aka jajjaga. Zai fitar da ruwansa da kitsensa, in karkata tukunyar in kwashe abin da ya taru da cokali. Sai ya tsotse sarai sannan albasa manya biyu su shiga, da attaruhu, kori, tayim, masoro, kanumfari ƙwaya uku da na daka, gishiri da dunƙule. Karas da lawashin albasa su ne na ƙarshe, in sauke kafin su yi laushi, in matsa rabin lemon tsami. A faffaɗan tire nake baza shi ya huce gaba ɗaya.

Uwar 'yan biyu, Bakaro:
Ku yi min afuwa, amma abin da aka gasa ba samosa ba ne, ƙanin mitfai ne da ya rame. Na gwada sau biyu, yara suka ture. Ni dai soyawa nake yi, na koma yin ƙanana kamar rabin tafin hannu, kowa uku, a cike sauran cikin da kankana da kunun gyaɗa. Sau biyu a mako maimakon kullum. Abin da za a ci ba daɗi, gara a bar shi.

Adda ta Jekadafari:
Uwar 'yan biyu, ina jin fatarki ce mai kauri. Mai kauri in an gasa dole ta zama mitfai. Amma ban musa miki ba, ranar salla ni ma kasko nake ɗorawa.

Ma'aikaciyar jinya, Tumfure:
Ƙanana ɗin nan akwai abin lura: in samosa ta ƙanƙance, fulawarta ta fi namanta yawa, fulawar kuwa ita ke riƙe mai. Uku ƙanana sun fi shida manya ƙarancin mai, amma ba in an ci goma ba. Don ku ga lissafin, giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko furotin 4. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kusan kalori 120. Cokali biyun da Adda ke shafa wa guda 25, kowace ba ta samu kalori 10 ba daga man shafawa.

Amarya, batun ƙwannafi kuma ba mai kaɗai ba ne. Abinci mai maiƙo yana daɗewa a ciki, attaruhu da ɗanyar albasa suna tayar wa wasu da shi, sannan kwanciya da cikakken ciki tana dawo da ruwan tsamin sama. Ya buɗe baki da dabino da ruwa, ya yi magariba, sannan ya ci, kuma ya bar awa biyu ko uku kafin ya kwanta. In abin ya ƙi lafawa ya koma wurin likitansa, kada ku dogara da samosa ta gyara shi.

Inna ta Azare:
'Ya'yana, duk obin kuke ta kira, mu nan ina muka gan shi? Babbar tukunyar ƙarfe nake zuba wa yashi mai tsabta kamar kaurin yatsa uku, in ɗora a gawayi ya yi zafi, in kifa murfin gwangwani uku a kan yashin, in ɗora faranti na ƙarfe a kansu. Haka muke gasa kek tun kafin a haifi wasunku. Samosa ma tana yi, sai dai ki ɗora garwashi kaɗan a kan murfin tukunyar don sama ta yi ja. Kada ki yi ta buɗewa kina leƙe, zafin ne ke gudu. Jikata ce ta rubuta min wannan, ta ce in gaya muku tana ɗaukar fiye da rabin awa, kuma guda takwas kawai farantina ke ci.

Mai samosar biki, bayan kasuwar Wunti:
Allah ya ƙara lafiya Inna. Na dawo kan fatar, tunda Adda ta taɓo ta. Amarya, murzawa da kwalba ɗaya-ɗaya ba za ta taɓa ba ki siririya ba. Hanya biyu ce. Ko ki murza ƙananan faifai huɗu, ki shafa ɗan mai ki barbaɗa fulawa a tsakaninsu, ki ɗora su kan juna ki murza gaba ɗaya su yi faɗi, ki ɗan gasa a busasshen kasko, sai ki ɓare su ɗaya bayan ɗaya. Ko kuma wadda na koma yi: kwaɓi mai ruwa-ruwa kamar kunu, fulawa da gishiri da ruwa kawai, ki tace, ki shafa shi da buroshi a kaskon nan da ba ya kamu, wuta ƙasa-ƙasa. Da gefen ya fara ɗagowa ki ɗauke, ba a so ta yi ja. Wannan babu mai a cikinta ko kaɗan, har rubutun jarida kike gani ta jikinta. Da hunturu ki lulluɓe su da tsumma mai danshi, in ba haka ba kafin ki gama goma ta farko ta kakkarye. Liƙi kuma fulawa da ruwa mai kauri, ki danne bakin sosai. Rami ɗaya kamar na allura ya isa mai ya cika ta.

Hajiya ta Federal Lowcost:
Da muka je umara da azumi na ga sambusa, haka suke kiranta can Makka, kowane shago da la'asar. Fatarsu dogayen yanka ce siririya da ake sayarwa a leda, kuma ba duka ke da nama zalla ba, akwai ta cuku, akwai ta kayan lambu. Daga nan na koma raba namana biyu, rabi nama rabi dafaffen dankalin turawa da koren wake, an yanka ƙanana ba a dame ba. Ya fi sauƙi a ciki, ya fi sauƙi a aljihu. Kabeji ne ban ba da shawara ba sai in za a matse shi, ruwa yake saki.

'Yata ta kawo min tukunyar lantarkin nan mai suya da iska mai zafi. Digiri 180, kamar minti 12, da ɗan shafin mai, kuma ita ta fi kusa da soyayya a duk abin da na gwada. Matsalarta ɗaya: ranar da na gayyaci surukai, saura minti ashirin a sha ruwa, zubi na farko yana ciki aka ɗauke wuta. Da kasko muka ƙarasa, ina suya ana kiran salla.

Amaryar Fadaman Mada:
Na dawo da labari, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na sayi jan nama aka niƙa ina tsaye, na dafa shi irin na Adda, sai da na kwashe kitse kusan cokali uku duk da an feɗe. Fatar buroshi ta ba ni wahala, biyar na farko sun yage, ta shida na gane wutar ce ta yi yawa. Na naɗe 20, na soya goma, shida a zubin farko huɗu a na biyu, na gasa goma a obin ɗin maƙwabciyata. Takardar soyayyun ɗigo-ɗigo kawai ta yi.

Ban gaya masa komai ba, na haɗa su a faranti ɗaya. Ya ci uku soyayyu, ya ɗauki gasasshiya ya juya ta ya ce wannan ba ta da lafiya ne ta yi fari haka? Amma ya cinye, ya ƙara ɗaya, kuma ban ji ya tashi neman magani da dare ba. Guda biyu cikin gasassun sun buɗe baki a obin, naman ya zubo a tire. Anti ta Wunti, liƙin ne bai yi kauri ba, ko cikawa na yi da yawa?

Mai samosar biki, bayan kasuwar Wunti:
Cikawa ce. Cokali ɗaya, ki bar wurin da babban yatsanki zai danne.