Kari-oba biyu a gidan Yaya Alhaji

Yaya Alhaji: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gara ku ji daga bakina kafin ku ji a waje. Yaron nan, Abba, ya faɗi kwas biyu a zangon farko na aji biyu a jami'a, ɗaya lissafi, ɗaya na sashensu. Sakamako ya fito sama da wata biyu, bai faɗa wa kowa ba. Jiya bayan isha'i na ce ya buɗe mini shafinsa na makaranta a waya, ya tsaya kame-kame wai babu sabis. Na karɓi wayar da hannuna, sai ga F har guda biyu. Na tsayar da kuɗin mako, na riƙe wayar, kuma ƙafata ba za ta taka makarantar nan ba. Ra'ayina tun da can shi ne, uban da yake bin ɗansa jami'a don ya faɗi jarrabawa ɓata shi yake yi. Jami'a ba firamare ba ce. A bar shi ya sha wuyarsa shi kaɗai, jiki magayi.

Na Sabon Gari: Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya shirya mana. Horon ya yi daidai, yaran yanzu sai da haka. Amma batun ƙin zuwa ban goyi baya ba. Ga Dakta a gida, ya san mutane. A nemi malaman biyu, a gaishe su yadda ya kamata, a roƙi alfarma. Ai ana yi.

Dakta: Ba da ni ba, Yaya Ƙarami, kuma ina roƙonka kada ka sake kawo wannan ko a waje. Sakamakon da ya riga ya hau shafin ɗalibi ya wuce hannun malami. Ya bi ta taron sashe, ya bi ta tsangaya, majalisar jami'a ta amince da shi. Malamin da ya taɓa shi bayan nan aikinsa ya sa a caca, yaron kuma kora zai fuskanta maimakon maimaita kwas biyu. In Abba yana ganin an yi kuskure a makinsa, akwai hanyar da aka tanada: shi da kansa ya rubuta takardar koke ta hannun shugaban sashe. Wannan haƙƙinsa ne. Gaisuwa da ambulan kuwa cin hanci ne, ko da wane suna aka kira shi.

Na Sabon Gari: Ni ban ambaci ambulan ba. Amma na ji, na janye.

Malama: Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. A cikin duk bayaninka ban ji inda ka tambaye shi abin da ya kayar da shi ba. Ka ga F, ka yanke hukunci. Shekara 31 na yi ina riƙe da alli a sakandare, ban taɓa ganin yaron da ya faɗi babu sanadi ba. Wani wasa ne, wani yunwa, wani ba ya gane malamin, wani ciwo yake ɓoyewa. Kowanne da maganinsa, ba a ba mai ciwon ido maganin ciwon ciki. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma shirun wata biyun nan ne. Yaro ya kwana da abu irin wannan a ransa, yana cin tuwo da kai a tire ɗaya, ya kasa buɗe baki. Sai mu tambayi kanmu me ya sa.

Yaya Alhaji: Rashin gaskiya ne ya sa, Malama. Kada ki juya laifin ya dawo kaina.

Malama: Tsoro ne ya sa. Mai sunan Malam ba maƙaryaci ba ne, duk mun san shi tun yana goye.

Dakta: Bari in shigo da lissafi, don mu san girman abin kafin mu yi ta ja. Maki 70 zuwa sama A ne, mai daraja 5. B 4, C 3, haka har ƙasa, F kuma sifili. Amma yunit ɗin kwas ɗin da aka faɗi, wato nauyin da aka ba shi, ba ya fita daga lissafi. A ce ya yi rijistar yunit 20, duka ya samu C, GPA ɗinsa, wato matsakaicin makinsa na zangon, 3.0 ke nan. In biyu daga ciki masu yunit uku-uku suka zama F, saura yunit 14 sau 3, wato 42, a raba da 20, ya dawo 2.1. Kun ga ya sha duka, amma bai mutu ba. Gargaɗin kora sai CGPA, wato matsakaicin makin dukan zangunan da ya yi, ya gangara ƙasa sosai ake maganarsa. Inda haɗarin yake shi ne gaba. Dole ya fara sa kwasan da ya faɗi a rijista kafin sababbi, ga iyakar yunit da ake yarda ɗalibi ya ɗauka a zango, yawanci 24. In lissafin nan sharaɗi ne na wani kwas a aji uku, wancan ma sai ya jira. Sannan lakcar kari-oba, wato kwas ɗin da ake maimaitawa, takan yi karo da ta ajinsa. Da haka guda biyu ke haifar huɗu, huɗu su kai mutum ga ƙarin shekara. Wanda ya farka yanzu yakan fita lafiya, har da sakamako mai kyau. Na ga da yawa.

Uwani: Kawu, ina neman afuwa, na san ni ce ƙarama a nan. Mama ta sani, amma ku ba ku sani ba: ni ma na taɓa ɗaukar kari-oba a makarantar da na yi. A aji biyu na faɗi kwas ɗaya, na ɓoye, na ƙi zuwa wurin malamin da ke kula da ajinmu don kunya. Na yi ta ɗaga shi ina cewa sai na shirya, har ya biyo ni ajin ƙarshe ya ja mini ƙarin shekara. Shekarar ta haɗu da yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas ina zaune a gida ƙawayena suna bautar ƙasa. Da a ce ranar da na ga sakamakon akwai wanda zan iya faɗa wa ba tare da gabana ya faɗi ba, da a zangon da ya biyo na gama da shi. Ba horo na rasa ba a lokacin, ni kaina na hori kaina fiye da yadda kowa zai yi.

Sai abu na biyu. Sau biyu ina ganin Abba a Kwangila wajen ƙarfe tara na safe, yana tsaye a bakin titi da jakarsa yana ɗaga wa motocin gida hannu. Na biyun na tsaya na ɗauke shi. Na tambaye shi lakcar ƙarfe nawa gare shi, ya ce ta takwas. Ya ce in ya biya na zuwa daga birni har Samaru, ba ya da na dawowa da na abinci, shi ya sa yake tsayawa a nan ko Allah zai kawo wanda ya sani. Ya roƙe ni kada in faɗa. Yau dai na faɗa.

Malama: Yaya, yaushe rabonka da ƙara masa kuɗin mota?

Yaya Alhaji: Abin da nake ba shi ba kowane uba ke bayarwa ba. Ni da ƙafa na yi sakandare daga cikin birni, da ɗumamen tuwo a cikina, ban taɓa maimaita aji ba. Malam, Allah ya jiƙansa, bai san ƙofar makarantarmu ba. In bai ishe shi ba, ba shi da baki ne?

Malama: Amin. Amma Malam yana zaunar da kai a zaure duk daren Alhamis ya ce ka karanta masa abin da aka koya maka, ko da ba ya jin Turanci. Ina leƙe ta bayan ƙofa, na gani. Bai je makaranta ba, amma bai sake ka ba. Kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wa a cikinmu bai sake lissafin kuɗin cefanen gidansa ba? Na motar yaro ma haka ne.

Na Sabon Gari: Nan kam ina bayan Yaya a rabi. Kuɗin mota gaskiya ne, amma kada mu mayar da yaron waliyyi. Da idona na gan shi a gidan kallon ƙwallo a Tudun Wada ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ana saura kwanaki a fara jarrabawa. Wanda ba shi da na mota ina ya samo na kallo?

Hajiyar Gida: Salamu alaikum. Ban so sa baki ba, kun san tsakanina da shi akwai kunya. Abin da Baffansa ya faɗa gaskiya ne, yana zuwa kallon ƙwallo, na sha yi masa faɗa. Abin da Uwani ta faɗa ma gaskiya ne. Ni abin da na gani: wata biyun nan abincinsa dawowa yake yi, ya ci loma uku ya rufe kwano. Ƙarfe ukun dare in na fito alwala sai in ga hasken tocila a ɗakinsa, na ɗauka karatu yake yi. Ran nan na leƙa, littafin a rufe yake a kan cinyarsa, ya zuba wa bango ido. Tun jiya bai fito ba sai salla. Ni dai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Dakta: Allah ya sanyaya, Hajiya. Yaya, a wuri ɗaya ina tare da kai ɗari bisa ɗari, kuma Malama ta yi haƙuri. Ina ganin iyayen da ke shigowa ofis da ɗansu a baya. Uban ne ke magana daga farko har ƙarshe, saurayi mai shekara ashirin yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon takalminsa. In na tambaye shi wane kwas ne, uban ne zai amsa. Irin wannan yaron yakan dawo da wata faɗuwar, don ya koyi cewa akwai mai share masa hanya. Saboda haka kada ka je, na yarda. Shi zai je da ƙafarsa wurin malamin da ke kula da ajinsu, ya zauna a tsara masa rijistar gaba. Shi zai nemi tsofaffin takardun jarrabawa, ya shiga cikin masu bitar lissafi da yamma, ko da 'yan aji ɗaya ne zai zauna da su.

Inda muka rabu shi ne hukuncin da ka zaɓa. Ƙa'ida ita ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na lakca kafin ya cancanci zama jarrabawa, kuma tes da aikin gida suna ɗauke da maki 30 zuwa 40. Yaron da aka hana kuɗin mota ya rasa waɗannan tun kafin ranar jarrabawa. Waya kuma, a can ake sanar da sauyin lokacin lakca, a can ake tura handawut, a can ake cewa gobe akwai tes. Ka hore shi da abin da zai ƙona masa rai, ban hana ba. Amma wannan horon karatun yake yankewa, zango na biyu kuwa yana tafiya, ba ya jiran fushinmu ya huce.

Malama: Ban ce a bi shi ofis ba, Dakta. Na ce a zauna da shi. Kuma akwai tambayar da kowa ke kewayewa, ni zan yi ta. Wa ya zaɓa masa injiniya? Ina zaune a falon nan ranar cike fom ɗin JAMB. Yaron ya ce aikin gona yake so, tun yana ƙarami ba ya rabuwa da gonar Malam, shi ke lissafin buhunan taki. Ka ce ɗanka na fari ba zai je jami'a ya koyo noma ba. A Samaru fa muke magana, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona take, inda irin masara da dawa da manoman Arewa ke shukawa yake fitowa. Ban ce shi ya sa ya faɗi ba. Na ce a tambaye shi.

Dakta: Canjin kwas yana yiwuwa, amma yana da lokaci da sharuɗɗa, kuma sai sashen da za a koma ya yarda. Yana ƙara wuya in aka yi nisa. Ni ba zan ba da shawarar a gudu don F biyu ba. A bari ya gwada zango ɗaya da cikinsa a cike, da lakcar safe a kan lokaci, sannan a ga ko lissafin ne ba ya shiga.

Malama: In kuma zuciyarsa ba ta wurin, zangon nan ma asara ne.

Na Sabon Gari: In a kan zuciya ne, ni ma ban so zaman kanti ba, ga shi da shi nake ci da iyali.

Uwani: Kawu, ni ta Samaru nake bi zuwa aiki kullum. In ya fito Ƙofar Doka ƙarfe bakwai saura kwata zan riƙa ɗaukarsa, na dawowa kawai za a ba shi.

Yaya Alhaji: Na karanta duka. Allah ya yi miki albarka Uwani, daga Litinin ya jira ki. Kuɗin dawowa da na abinci zan riƙa ba shi a hannu kowace safiya, ba na mako ba. Waya zai karɓa da safe, ya ajiye mini ita bayan isha'i. Gidan ƙwallo babu shi har sai na ga sakamakon zangon nan. Dakta, ka rubuto mini abin da zai tambayi malamin ajinsu, in ba shi ya tafi shi kaɗai. Maganata ta farko tana nan, ba zan taka makarantar ba, kuma ɓoyewar da ya yi mini ban yafe ba tukuna.

Malama: Ban da tambayata ba ka amsa ba, Yaya.

Yaya Alhaji: Wannan ba ta waya ba ce. Ki zo gida ranar Juma'a bayan la'asar, a kira shi zaure, ke ki yi masa tambayar ina zaune.