Yatsuna na ciwo, jita ta fara gundura ta

Sabon_shiga: Salam 'yan uwa, na fara koyon jita amma kan yatsuna zafi kamar me, ga ciwon baya, har na fara jin kasalar ɗaukarta. Ya kuke yi?

Maikiɗa: Ɗan uwa haƙuri za ka yi, yatsun za su yi kanta cikin 'yan makonni zafin ya tafi. Minti 15 kullum ya fi ka kwashe awa uku rana ɗaya, kuma a duba maka tsirkiyar, in ta yi nisa da wuyan jitar dole ka sha wuya wajen dannawa, ta nailan ta fi ta ƙarfe laushi.

Ummi_K: Ciwon bayan kuma daga kujera ne, samu marar hannu ka daina duƙawa kana leƙen yatsu. Maganar kasala kuma, ni dai bana maida jitata jaka, a jingine take inda ido zai gan ta.

Sabon_shiga: Kai, ashe tsirkiyar tawa ce ta yi sama, na gode.