Ina ya fi dacewa in haɗa shafin nuna ayyukana kafin mu tafi sabis?

Yar_Mabera:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah shawara nika nema. Ina aji huɗu a UDUS, wato Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, kwamfuta sayans, saura furojet da jarabawar ƙarshe in sha Allah. A gefe ina zanen logo da fulaya da katin gayyatar biki, duk wanda ya ce in gwada mai aikina sai in yi ta tura hotuna ta WhatsApp ɗaya bayan ɗaya, abin dai ba tsari. So nike in haɗa shafi guda da komi ke ciki in sa adireshin a CV kafin a tura mu bautar ƙasa. Na duba wuraren gina shafi irin su Wix da Squarespace da WordPress kaina ya ɗaure. Kuɗin hwa ba yawa, kuma ba ni da katin dala.

Dan_Gawon_Nama:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa a gama lafiya. Squarespace ki aje shi gefe, ba su da na kyauta, gwajin kwana 14 ne daga nan sai biya da dala. Wix akwai kyauta kuma da sauƙi, jawo ki aje ne kawai, wato ki jawo hoto ko rubutu ki aje inda kike so ba sai kin rubuta kod ba, amma za su manna tallarsu a saman shafin kuma adireshin zai zo da wixsite.com, sannan abin da mutane ba su lura da shi ba, in kin gina a can ba a kwashe shi a kai wani kamfani sai dai a sake daga farko. In sauƙi kika bi to Google Sites, kyauta kuma ba talla, sai dai kwalliyarshi kaɗan ce. Zanen kuma ki zuba a Behance, shafin nuna zane ne na kamfanin Adobe, masu neman mai zane suna leƙawa can. Ki buɗe komi da Gmail naki na kanki ba imel ɗin makaranta ba, don bayan an gama ana iya rufe shi.

Injiniya_Kware:
Ni kam ban goyi bayan jawo ki aje ba ga wadda ta karanta kwamfuta. Malama kin yi HTML da CSS ai, yarukan rubuta shafin intanet, ki rubuta abinki da hannu ki ɗora a GitHub Pages, wurin ɗora shafi na kamfanin GitHub, ko kwabo ba a biya, kuma shafin da kanshi shaida ne cewa kin iya aikin. Wanda zai ɗauke ki aiki zai ga zane ya ga kod lokaci guda. In kin samu ɗan canji ki sayi sunan adireshin shafi mai .com.ng, NiRA, ƙungiyar rajistar adireshin intanet ta Najeriya, ke kula da shi kuma da naira ake biya wurin kamfanonin gida, duk shekara a sabunta. GitHub na barin ki haɗa sunan kyauta, Wix da WordPress.com kuwa sai kin hau tsarin biya. Wanga suna shi ne naki na gaske, ko kin canza waje adireshin da ke CV bai mutuwa.

Maman_Hanif:
Ɗiyata ni ba ƙwararra ba ce amma ina ba masu zane aiki don shagona, kuma da waya nika buɗe komi, datata na ƙarewa ina kallo. Shafin da ya tsaya yana juyi wallahi rufewa nikai. Ki rage nauyin hotunan, ki zaɓi mafi kyawu kamar goma, kar ki jibge duka. Ki sa maɓallin WhatsApp inda ido zai gani. Katunan biki kuma dan Allah ki nemi izinin masu su ko ki goge sunaye da lambobin waya, ba kowane gida ka son sunan ɗiyarsu yana yawo a intanet ba.

Yar_Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama maganar katunan nan za ni kiyaye ta. Yaya Injiniya zan gwada GitHub ɗin bayan difens ɗin furojet, amma in na sayi .com.ng ɗin za ka nuna min yadda ake saita DNS, wato haɗa sunan da shafin?